Buguwar ciki a hatsari: bayan saifa ko hanta, me aka ƙara gano muku?

Maman Biyu: Salamu alaikum. Ƙanina ya faɗi da babur, kan babur ɗin ya dake shi a ciki. An ce saifa ta tsage amma ba za a yi aiki ba, kwanciya kawai da awon jini. Sai ga likitoci suna ta dawowa suna danna cikin, yanzu kuma wai a yi hoton ƙirji. Hankalin Hajiyarmu duk ya tashi. Don Allah wanda ya taɓa gani ya faɗa mana.

Direban Tifa: Wa'alaikumussalam, Allah ya ba shi lafiya. Ni sitiyari ne ya matse ni. Ko ƙwarzane babu, da ƙafata na fito, har ina taya mutane ciro yaron motata. Can sai ƙishirwa, sai gumi mai sanyi, ga kafaɗar hagu tana min zogi alhali ban bugu a nan ba. Ashe jinin saifa ne ya taru a ƙarƙashin tantanin da ya raba ƙirji da ciki. An cire saifar. Haƙarƙarin ƙasa na hagu sun karye, jini ya kwanta a ƙirji, sai da aka soka min roba a gefe ana zuƙe shi cikin kwalba. Wallahi robar nan ta fi ɗinkin ciwo.

Inna Mai Fura: Ɗana saniya ce ta harbe shi a dama. Babansa ya ce a kai wa mai ɗori, ni kuwa da na ga fitsarinsa ja na ce sai asibiti. Hanta da ƙoda ne. Ba a yanka shi ba, ƙarin jini aka yi masa.

Sista ta Ɗakin Tiyata: Maman Biyu, ki kwantar wa Hajiya hankali, dawowar nan tasu ita ce aikin. Saifa na ɓoye ne bayan haƙarƙari na 9 zuwa 11 a hagu, ƙoda na bayanta, huhu na samanta. Hanta ma haka take a dama. Dukan da ya isa ya tsaga ɗaya sau da yawa yakan taɓa maƙwabta. Abin da ya fi ba mu tsoro hanji ne, don hoton sikanin ciki yana ganin jini amma ba ya cika nuna hujin hanji. Na jinyaci wata da bel ɗin mota ya bar mata shata a mara, aka ce hanta ce kaɗai, washegari ciki ya ƙame kamar katako, ga zazzaɓi da amai, aka koma da ita tiyata. Kada ku ba shi abinci ko ruwa sai an ce, kada kuma wani ya shigo da maganin ciwon nan Diclofenac daga kemis. Ko an sallame ku, saifa na iya ɓallewa da jini bayan kwanaki, jiri ko suma ku juyo nan take.

Direban Tifa: Gaskiya ne Sista. In ta kai ga cire saifar ku tuna wa likitocin rigakafin sanƙarau da na nimoniya. Ni yanzu ko zafin rani bana kwana babu gidan sauro, zazzaɓi kuwa ba ya kwana a gidana ban je gwaji ba.

Maman Biyu: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hoton ya fito, haƙarƙari ɗaya ya karye, jinin ƙirjin kaɗan ne, sun ce gobe za a sake ɗauka.