CHM 101 na neman kayar da ni, don Allah ku ba ni shawara

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni 'yar aji ɗaya ce a jami'a, ɓangaren kimiyya, kuma kemistiri ya sa ni a gaba. Na ci shi da kiredit a WAEC, amma sai yanzu na gane hadda ce ta fisshe ni. An yi mana tes na farko, na samu 4 cikin 15. Ajinmu cike yake maƙil, ranar da na makara sai dai in tsaya bakin taga, muryar malami ma da ƙyar nake ji balle in ga allo. Handawut ɗin na bi shi sau uku. Ina karantawa sai in ji kamar na gane, amma da an ajiye min lissafin mol sai kaina ya ɗaure. Saura mako biyar jarrabawa, ga rahoton firaktikal duk mako, ga fiziks da lissafi na jira. Har yau na kasa gaya wa Baba sakamakon nan. Ta ina zan fara?

Ɗan aji huɗu, sashen kemistiri:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kwantar da hankalinki, mako biyar ba kaɗan ba ne. Ki ajiye karanta handawut kamar labari, wannan kwas da biro da takarda ake yin sa.

Ki fara da mol, don kusan duk lissafin zangon nan a kansa yake tsaye. Mol ƙidaya ce, kamar dozin. Dozin ɗin ƙwai da dozin ɗin kankana duk 12 ne, amma nauyinsu ba ɗaya ba. Haka mol ɗaya na kowane abu yana ɗauke da ƙwayoyi 6.022 × 10²³, nauyin ne kawai ke bambanta.

Ga misali da dutsen da ake ƙonawa a masana'antar siminti, irin ta Ashaka ko ta Sakkwato: CaCO₃ → CaO + CO₂. Mol ɗaya na CaCO₃ giram 100 ne, wato 40 na Ca, 12 na C, 48 na O uku. In aka ce an ƙona giram 50, rabin mol ke nan. Tunda ɗaya ke ba da ɗaya, rabin mol na CO₂ za a samu: giram 22, ko 11.2 dm³ (dm³ ɗaya lita ɗaya ce) a STP, wato daidaitaccen zafi da matsi, domin mol ɗaya na iska yana cin 22.4 dm³. Kin ga hanyar? Daga giram ki koma mol, daga mol ki tsallaka ta kan ikweshan, sannan ki sauka inda aka tambaye ki. Ki yi biyar irin wannan kullum bayan sallar asuba, littafi a rufe. Wadda ta gagare ki, ki sa mata alama ki dawo mata washegari.

Malamar kimiyya a sakandare:
'Yata, abin da yayanki ya faɗa haka yake. Zan ƙara da inda na fi ganin yara na zubar da maki. Suna fara lissafi ba su daidaita ikweshan ba, sannan suna manta raba cm³ da 1000 kafin su nemi ƙarfin ruwan sinadari. Ki riƙa rubuta ma'auni kusa da kowace lamba, ko da kina sauri.

Batun sinadarin da ke fara ƙarewa kuwa, ki tuna mai haɗa kekuna. Yana da gangar jiki 10 da taya 14. Keke nawa zai haɗa? Bakwai, don taya ce ta ƙare, gangar jiki uku suka yi saura. Duk tambayar da aka ba ki nauyin sinadarai biyu, wannan ake nema.

Kuma ki gaya wa mahaifinki. Addu'arsa ta fi miki wannan ɓoyon.

Ɗalibar aikin jinya:
Ni dai ban yarda a watsar da hadda gaba ɗaya ba. Sinadarai 20 na farko a jadawalin sinadarai (periodic table), daga H zuwa Ca, dole su zauna a ka. Haka rukunonin atam masu caji irin su SO₄²⁻, NO₃⁻, CO₃²⁻ da NH₄⁺. Ni a bayan kati na rubuta su, ina dubawa a layin ɗiban ruwa a hostal. Rahoton firaktikal kuma ki rubuta shi ranar da kuka fito daga lab, tun kina tuna lokacin da ruwan ya canja launi.

Ɗan aji uku:
Ki yi lissafin makinki, za ki ji sanyi. In tsarinku tes 30 ne jarrabawa 70, kika samu 10 a tes na biyu, kina da 14. Maki 36 cikin 70 zai kai ki 50, wato C. Ki nemi tsofaffin tambayoyi wajen 'yan aji biyu, ki kuma bincika ko MSSN, ƙungiyar ɗalibai Musulmi, ko ƙungiyar sashenku na yin tutoriyal a ƙarshen mako. Kwanan aji ana gobe jarrabawa kam ban ba ki shawara ba, na gwada, da ciwon kai na shiga ɗakin.

Mai tambaya:
Allah ya saka muku da alheri. Na kira Baba jiya da daddare, ya ce in dage, ya yi min addu'a. Yaya, duba min wannan: an narkar da giram 4 na NaOH aka cika ruwan zuwa 250 cm³. Mol ɗaya giram 40 ne, don haka ina da mol 0.1. Na mai da 250 cm³ zuwa 0.25 dm³, na raba, na samu 0.4 mol/dm³. A tes irinta aka kawo, na raba da 250 kai tsaye.

Ɗan aji huɗu, sashen kemistiri:
Daidai ne, ƙanwata. To ga ta gobe: cm³ nawa na asid ɗin HCl mai ƙarfin 0.2 mol/dm³ ake buƙata don kashe kaifin 25 cm³ na wannan ruwan NaOH naki? Ki fara rubuta ikweshan, ki turo min bayan asuba.