Wai me za mu kira “crap” da Hausa ne?

Jama'a ku taimaka, ƙanina ne yake ɗan taɓa fassarar finafinan Turanci zuwa Hausa, daren jiya ya zo ya same ni da laftop ɗinsa wai kalma ɗaya ta hana shi ci gaba, crap. A fim ɗin wani ne ya yi ta murza makullin mota ta ƙi tashi sai ya daki sitiyari ya faɗe ta, shi kuma yaro ya duba ƙamus ya ga an ce kashi, ya rubuta kashi. Na ce kai wallahi in Hajiya ta ji wannan daga ɗakinka sai ka yi bayani.

Abin da ya sa na tsaya a kanta, asalinta ba ta da alaƙa da bayan gida ko kaɗan. A tsohon Turancin Ingila, wajen shekara 600 da suka wuce, crappe ƙaiƙayi ne, abin da ake sheƙewa a zubar bayan an sussuka hatsi. A wasu yankunansu har guntun da ke saura in an narkar da kitse haka suke ce masa, kamar dai tunkuza a wajenmu in an matse mai. Daga “abin da ya rage ba a so” ne ta gangara ta koma najasa, sannan ta sake yaɗuwa ta hau kan duk abin da bai da inganci ko maganar da ba ta da kai.

Kafin wani ya zo min da labarin Thomas Crapper, wai daga sunansa kalmar ta samo asali, eh na san shi, mai aikin famfo ne a Landan, an haife shi 1836 ya mutu 1910, kamfaninsa ya sayar da masai na zamani da sunansa a jiki. Amma ba shi ya ƙirƙiro masan ba, tun 1775 Alexander Cumming ya yi rajistar nasa, kuma an samu kalmar a rubuce da ma'anar zagayawa tun 1846 lokacin Crapper yana ɗan shekara 10. Sunan ne kawai ya faɗo daidai da sana'a.

To yanzu ga abin da kuka turo. Masu cewa shirme, na yarda in magana ce, wanda yake zuba zance ba kan gado shirme yake ko soki-burutsu. Masu cewa tarkace su ma sun kusa, in kaya ne da suka cika ɗaki ba amfani. Matsalata da duka biyun sun yi tsafta da yawa, za ka iya faɗinsu a gaban surukinka ko gezau. Ita kuwa crap tana da ɗan wari, ba ta kai waccan mai harafi huɗu da ta fara da s ba, amma Bature ba zai so yaronsa ya faɗe ta a gaban malami ba.

Wata baiwar Allah ta ce tsiya, kuma ni dai nan na tsaya. Motar tsiya, wayar tsiya, aikin tsiya, netwok ɗin tsiya. Ku faɗa da baki ku ji, nauyin ɗaya ne, ba ashar ba ce amma ba ka yi wa babba ita. Har tafiyar tasu ta yi kama, tsiya talauci ce da rashi kafin ta zama abin da muke liƙa wa duk abin da ya ba mu haushi.

Wanda ya ce min “Yaya ai kash ya wadatar”, kash na takaici ne mai sanyi, na wanda shayinsa ya zube, shi ko mutumin nan sitiyari ya daka. Na ce wa ƙanin nawa ya goge kashi ya sa “kai, motar tsiya!”, ya maimaita sau uku yana kallon bakin Baturen, tsawon ma ya shiga daidai. Saura inda wata take ce wa mijinta cut the crap, na ba shi “daina raina min hankali”, shi kuma ya kafe wai “bar zancen banza” ya fi gajarta.