Ƙurar hunturu ta hana falo zama tsaf, ina mafita?

Sabuwar Amarya:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Tun da hunturu ya kama, in na share falo da safe, kafin azahar ƙura ta sake kwanciya a kan tayil da tebur da talabijin. Tagogin gidan luba ne, kuma akwai kafet a tsakiyar falo. Wane tsari zan bi? Sannan me ke sa tayil ya yi dishi-dishi bayan na goge shi?

Uwargidan Fagge:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Yawancin ƙurar da kike gani da azahar, wadda tsintsiya ta tayar da safe ce ta dawo ta kwanta. Ƙurar hunturu laushi gare ta kamar garin fulawa, in ta tashi takan daɗe tana yawo a iska. Don haka a wannan lokaci tsintsiya ta tsakar gida ce, ita ma sai an yayyafa ruwa tukun. Cikin ɗaki kuwa aikin jiƙaƙƙen tsumma ne, wanda aka matse har ya daina ɗiga.

Ki fara daga sama ki gangaro. Kashe fanka, ki zura tsohuwar rigar filo a kan kowane fiffike ki ja, dauɗar ta zube a cikinta maimakon kan kujeru. Sai saman kabet, sai luba gilashi ɗaya bayan ɗaya, ciki da waje. Waɗannan sau ɗaya a mako sun isa. Na kullum shi ne tebur, hannun kujera, bakin taga, sannan ƙasa a ƙarshe. Fuskar talabijin kuma busasshen ƙyalle mai laushi kawai take so.

Dishi-dishin tayil sabulu ne ya yi yawa. In an zuba garin Omo da yawa, yana bushewa ya bar wani danƙo a kan tayil, ƙura kuma ta manne masa. Ki yi bokiti biyu: ɗaya ruwa lita 5 da cokalin shayi ɗaya na sabulun ruwa, ɗayan ruwa zalla na ɗauraye mofa. Ki faro daga ƙuryar ɗaki ki ja da baya zuwa ƙofa, kuma da zarar ruwan ɗaurayar ya yi ja ki zubar ki sake.

Mai Gyaran Sanyi:
Hajiya ta gama magana kan shara, ni zan ƙara da toshe hanya. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, don haka tagogin gabas da na arewa su zauna a rufe, a riƙa shan iska ta na kudu da na yamma. Luba ba ta rufuwa ruf, shi ya sa labule mai kauri yake taimakawa. Ƙarƙashin ƙofa a naɗe tsohon tawul a toshe, ko a sa kafinta ya buga roba.

Mai na'urar sanyaya ɗaki ya ciro ragar da ke bayan murfin gaba duk mako 2, ya wanke da ruwa, ta bushe a inuwa kafin a mayar. In ta toshe, sanyi zai ragu kuma injin ya wahala. Firji mai ƙarfunan raga a baya, a cire shi daga wuta a kakkaɓe su da burushi mai laushi. Farantan sola kuma a wanke da ruwa zalla da sassafe, tun gilashin bai yi zafi ba.

Sabuwar Amarya:
Allah ya saka da alheri. To kafet fa? Kuma an ce in haɗa Hypo da Harpic tayil zai fi haske.

Anti Nas:
Don Allah ƙanwata kar ki kuskura. Harpic na wankin masai yana da asid, in ya gamu da Hypo ko Jik sai ya saki iskar kulorin, mai ƙona ido da maƙogwaro, ta kuma toshe numfashi, musamman a banɗaki mai ƙaramar taga. Kowanne shi kaɗai ake amfani da shi, a ɗauraye sosai kafin a sa wani. Harpic ɗin ma a bar shi a cikin masai, domin yana cin simintin da ke tsakanin tayil, yana ɓata tarazo da mabul.

Hypo ba maganin ƙura ba ne, falo ba ya bukatarsa. Na banɗaki ne: in an rubuta kashi 3.5 cikin ɗari a jikin robar, ki sa awo 1 a cikin awo 30 na ruwa mai sanyi, ki bar shi minti 10, sai ki ɗauraye.

Kafet kuwa, in akwai mai asma ko jariri a gidan, ki naɗe shi ki ajiye sai bazara. In babu, ki fitar da shi duk Asabar, ki rataya a kan igiya nesa da taga, ki sa takunkumi, ki buge shi ta baya da sanda, sannan ki goge ƙasan wurin ya bushe sarai kafin ki mayar da shi.