Waɗanda suka taɓa gyara sashen kiran katsewa (interrupt, kiran da na'ura ke yi wa CPU) a direban virtio (tsarin magana da na'urorin kwaikwayo), me kuka tarar?

Ɗan Birni: Salamu alaikum ƴan uwa. An ba ni gadon wani direban na'urar kwaikwayo da ke gudana bisa QEMU da KVM (manhajojin tafiyar da kwamfutar kwaikwayo). Komai an cusa shi cikin mai amsa kira: karanta ISR (rajistar da ke nuna dalilin kiran), kwafe bayanai, har da neman ma'adana (memory). Ina so in raba shi biyu, rabin sama da rabin ƙasa. Wa ya taɓa yi?

Malamar lissafi, Zango: Wa alaikumus salam ƙanena. Na yi wa ɗalibaina irinsa da na'urar koyarwa ta QEMU mai suna edu. Rabin sama ya duba ko kiran namu ne, ya shaida wa na'ura an ji, ya fita. Sauran aikin ka miƙa wa zaren ƙasa (thread) ta request_threaded_irq, yana cikin Linux tun 2.6.30 a 2009. A can ne kake da damar barci ko riƙe mutex (makullin da ke hana biyu taɓa abu ɗaya a tare). A sama kuwa ko kusa, karnal (zuciyar Linux) zai yi maka ihu.

Mai gyaran waya, Kasuwar Dole: Ni INTx, tsohuwar hanyar kira ta PCI, ya wahalshe ni. Layin na tarayya ne, kuma a virtio karanta ISR ɗin shi ke goge shi. Wanda ya rubuta namu yana karantawa sau biyu, na biyun ya ga sifili ya mayar da IRQ_NONE, wato kiran ba namu ba ne. Suka taru, karnal ya rufe layin duka, katin sadarwa ma ya mutu tare. Da muka koma MSI-X, sabuwar hanyar kira, kowane layin saƙo da lambarsa, shi ke nan.

Ɗan Birni: Malama, to zaren na ƙasa ya isa?

Tsohon ma'aikaci, Sabon Gari: Bai isa ba yaro. Abin da ya cinye mini dare shi ne rige-rige. Ka kashe kira, ka kwashe zoben saƙonni, ka kunna. Tsakanin kwashewa da kunnawa saƙo ya faɗo, ba wanda zai sake buga maka ƙofa. Na'ura ta yi tsit, dmesg (rahoton karnal) fes, lambobin ƙidayar kira a /proc/interrupts sun tsaya cak. virtqueue_enable_cb yana gaya maka in akwai saura. In ya ce akwai, ka koma ka kwashe. Kuma ka gwada da CPU fiye da ɗaya, don namu a guda bai taɓa nuna matsalar ba.

Ɗan Birni: Na gode Baba. Da CPU biyu zan tayar da shi gobe in an kawo wuta.