Gawayi daga kashin dabbobi da dagwalon masai: yaya abin yake a aikace?

Mai buɗe zance, Kawo: Assalamu alaikum. Gawayi sai ƙara tsada yake, ga kashin shanu jibge a Zango da mayanka, ga motocin kwasar sokawe kullum suna neman wurin juyewa. Waɗanda suka san aikin gasa irin wannan kaya don a sami makamashi, a taimaka da matakai da awo, da kuma inda ake yawan faɗuwa.

Injiniya, Kakuri: Wa alaikumus salam. Malam, kafin a sayi ganga a fara lissafin ruwa. Ɗanyen kashin shanu kusan kashi 80 cikin 100 ruwa ne. A kilo 100, busasshen abu kilo 20 ne kacal, kowane kilo yana da zafin kimanin megajul 14 (megajul ma'aunin yawan zafi ne), wato 280 gaba ɗaya. Ƙafar da kilo ɗaya na ruwa kuwa yana cin sama da megajul 2 da rabi idan aka haɗa da ɗumama shi, kilo 80 ke nan sun lashe 200. Abin da ya rage bai kai wahalar ba. Don haka rana ce za ta yi shanyar, ba itace ba. A baza a daɓen siminti, kauri kada ya wuce tsawon yatsa, ana juyawa sau biyu a yini, har danshi ya sauko wajen kashi 15. Alamarsa, kandilo ya karye ƙas a hannu, cikinsa ba laushi. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana gama wannan cikin 'yan kwanaki. A Agusta kuwa sai da rumfar leda mai buɗaɗɗen gefe.

Mai walda, Panteka: Ganga biyu ake haɗawa. Babba mai lita 200, da ƙarama mai kamar rabin haka da za ta zauna ciki da tazara ta ko'ina. Ƙaramar ake cikawa da busasshen kashi a rufe ta gam, sai 'yan huji biyar ko shida a gindinta. Babbar a yi mata ƙofofin iska a ƙasa, da bututun hayaƙi mai tsawon mita ɗaya a murfi. A tazarar ake zuba ƙirare ko totuwa a kunna daga sama. Da fari hayaƙi fari ne, tururi ke fita. Can sai ya koma rawaya mai wari, sannan gas ɗin da ke fitowa ta hujin gindi ya kama da kansa, ka ji ganga tana ruri. Lokacin cikinta ya haura digiri 400. Awa uku zuwa huɗu ruri zai mutu. A toshe ƙofofin da laka a bar ta sai gobe. Mai gaggawar buɗewa da zafi, gawayin kamawa yake nan take ya zama toka yana kallo. Kuma don Allah kada a yanka gangar fetur ko ta maganin feshi ba a cika ta da ruwa ba.

Hajiya mai gidan kaji, Mando: Malam mai walda, da kashin kaji gangar ba ta daɗewa. Akwai gishiri a cikinsa mai cin ƙarfe, gindin ƙaramar ke fara hujewa. Tokarsa kuma narkewa take idan wuta ta yi ƙarfi, ta dunƙule kamar kashin maƙera ta toshe ragar murhu. Wanda ya haɗu da dusar katako na shimfiɗar kajin nama ya fi gasuwa. Na kajin ƙwai da ke keji jiƙe yake sharkaf, ga warin da ke sa hawaye. Amma maganar gaskiya, masu masara da masu lambu suna sayen kashin kaji buhu-buhu tun kafin damina, kuma wuta tana korar yawancin sinadarin da ke sa ganye ya yi kore. Ni a ganina asara ce a gasa shi, sai dai wanda ya yi kwantai.

Injiniya, Kakuri: Hajiya ta yi gaskiya. Ƙari a kai, kilo 100 na busasshen kashi yakan ba da gawayi kilo 35 zuwa 45, amma toka ta yi masa yawa, zafinsa wajen rabin na gawayin itace ne. Shi kaɗai ba ya dafa wake. A daka shi a tankaɗe, a haɗa rabi da rabi da garin gawayin itace ko na buntun shinkafa, a kwaɓa da kokon sitacin rogo, kilo ɗaya na sitaci ga kilo 12 zuwa 15 na gari, a matse a bututu, a shanya kwana uku zuwa biyar. In curin yana rugujewa, ko sitacin bai dahu ba ko garin bai yi laushi ba.

Ma'aikacin tsaftar muhalli, Tudun Wada: Dagwalon masai shi ne mai wuyar sha'ani. Abin da mota ke zuƙowa daga sokawe galibi ruwa ne fiye da kashi 95, sai an tace shi a kwamin shanya mai tsakuwa da yashi a ƙasa, makonni biyu zuwa huɗu. Wurin kwashewa ake ɓata shi: shebur ya nutse ya haɗo da yashi, yashi kuwa ba ya cin wuta. A bar ɗan saura a kan yashin. Masai na gargajiya ya fi muni, akwai leda da tsumma da batir, dole a tsince. Shanya kaɗai ba ta kashe ƙwan tsutsar ciki, gasawar ce ke kashe shi, saboda haka safar hannu da takalmin roba da takunkumi har sai kaya ya fito daga ganga. Inda ruwan majema ko na masana'anta ya shiga, a bar shi, domin dalma da ire-irenta ba sa ƙonewa, taruwa suke a gawayin. A Dakar tun 2015 aka kafa injin da ke ƙona irin wannan dagwalo ya ba da lantarki da ruwa, amma shi ma busasshe ake ba shi.

Injiniya, Kakuri: Wani ya tambaye ni hanyar da ba ta buƙatar shanya. Akwai. Ana dafa jiƙaƙƙen dagwalo da tururi a digiri 165 na minti 30, a saki matsin kwatsam, sannan a tura shi rijiyar bayogas, inda ƙazanta ke ruɓewa ta ba da gas mai cin wuta, gas ya ƙaru. Haka ake yi a matatar ƙazamin ruwa ta birnin Washinton. Sai dai matsin ya kai bar 6 (bar ma'aunin matsi ne), tayar ƙaramar mota kuwa bar 2 da ɗan kai ce. Wannan ba aikin gangar walda ba ne, fashewa za ta yi. Mai ɗanyen kashin shanu ko kayan tumbi ya zuba su bayogas kai tsaye, kashi ɗaya ruwa ɗaya.

Mai walda, Panteka: Na manta ɗaya. Gas ɗin da ke ruri a ganga yana ɗauke da guba marar wari, irin ta hayaƙin janareta. A fili ake aikin, ba a zaure ko shago ba. Injiniya, wane kaurin falan ƙarfe kake gani zai jure kashin kajin Hajiya, milimita 3 zai isa?