Musayar Waƙa a Kan Jiragen Hiroshima da Nagasaki

Malamin Tarihi: Assalamu alaikum. Ga baitoci a kan jiragen Amurka ƙirar B-29 da suka jefa bam ɗin nukiliya a Japan cikin Agustan 1945, kuma duk mai amsawa ya riƙe amsa-amon "ma".

Da sunan Allah nake buɗe batuna,
Shi ne masanin abin da ke cikin raina,
Ya ba ni ikon tsara baitocina
A kan jirgin da ya ƙone Hiroshima.

Daga tsibirin Tiniyan suka tashi da dare,
Mutum 12 ne a jirgi ɗaya tare,
Kanar Tibbets ke tuƙi, don ya ƙware,
Sunan uwarsa, Enola Gay, ya sa wa jirgin sama.

Parsons, mai kula da bam, bai yarda a ɗana shi a ƙasa ba,
Don kada jirgi ya faɗi tun bai ɗaga ba,
Sai da suka lula ya ɗana, bai yi kuskure ba,
Tsibirin ya tsira, wutar ta nufi Hiroshima.

Ferebee ya auna gadar Aioi da safiya,
Takwas da kwata, gari ya tashi lafiya,
Yana sakin bam Tibbets ya juya baya,
Hanyar tsirar kansu suka koya da himma.

Tsohon Soja: Malam, ka ɗora wa matuƙa kayan da ba nasu ba ne su kaɗai.

Soja ba ya zaɓen wurin da za shi,
Umarni ke saukowa, dole ya bi shi,
Truman ke mulkin Amurka, alhakin yana kanshi,
Da kwamitin da ya zauna ya zaɓi Hiroshima.

Da yawansu ba su san me suka ɗauko ba,
Ba a ambata musu nukiliya a ƙasa ba,
Yaƙin Okinawa bai daɗe da ƙarewa ba,
Sun ɗauka bam zai kawo ƙarshen fama.

Malama Mai Alƙalami: Baba, a gafarce ni, uzurin rashin sani bai shafi jagoran tafiyar ba, domin tun 1944 aka damƙa masa aikin, sa'an nan akwai tafiya ta biyu da ba ku ambata ba.

Ranar 9 ga wata Sweeney ya ɗau jirgin Bockscar,
Garin Kokura aka ba shi ya je ya tarar,
Sau uku yana kewaya shi ba da nasarar
Ganin ƙasa ba, hayaƙi da girgije sun rufe sama.

Famfon mai ya lalace, man kuma yana ƙarewa,
Sai suka karkata Nagasaki kafin komawa,
Beahan ya ga ɓula a girgije ya yi aunawa,
Kwarin Urakami da majami'arsa suka dama.

Da ƙyar suka sauka Okinawa, tanki ba mai,
Ina ruwan yaron Nagasaki da wannan mai?
Kimanin 70,000 a nan suka rasa rai,
Kimanin 140,000 kafin ƙarshen shekara a Hiroshima.

Tsohon Soja: 'Yata, alƙalumanki ba ni da ja da su.

Amma ranar 15 Sarkin Japan ya yi magana,
Ya miƙa wuya, bindiga ta daina ƙuna,
Ko bam ne, ko shigar Rasha, ana ta gardama a kai har yau da rana,
Matuƙi ba shi ne mai yanke wannan ba a hukuma.

Malamin Tarihi: Baba, su kansu ma'aikatan jiragen bakinsu bai zo ɗaya ba.

Tibbets ya rasu a 2007 bai sauya ra'ayi ba,
Ya bar wasiyya, ba a kafa masa dutsen kabari ba,
Eatherly kuwa, matuƙin jirgin share fage, wanda bai jefa komai ba,
Yanayi ya duba ya ce sarari, shi ya yi ta nadama.