Lungi da Lungu: Musayar Waƙa Kan Yaƙin Saliyo

Tsohon Saje:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya jikana ya ce mini wai sojan Birtaniya ne suka kashe wutar yaƙin Saliyo a shekarar 2000. Ni kuwa ina cikin rundunar ECOMOG, ta haɗin gwiwar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Freetown babban birnin ƙasar ranar 6 ga Janairun 1999, ranar da 'yan tawaye suka shigo gari. Rundunarmu ce kuma ta kori gwamnatin sojan Koroma ta mayar da shugaba Kabbah kan mulki. Barci ya ƙaurace mini, sai na ɗauki biro.

Da sunan Allah ni zan fara,
Shi ke kashewa, Shi ke gyara,
Tarihin Saliyo zan tsara,
Don yara sun fara mancewa.

Mu muka fid da Koroma a fada,
Kabbah ya dawo, kowa shaida,
Muka tsare gari a bakin gada,
Harsashi na zuba ba tsayawa.

Bature ya zo ya tsaya Lungi,
Mu muka bi su lungu-lungu,
Shi aka kaɗa wa kalangu,
Mu ko sunanmu na ɓacewa.

Gwaggo Ta-Fagge:
Allahu akbar! Saje, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wannan kalangun ya shiga jikina.

Bazamfare a Landan:
Baba, da girmanka. Zan amsa da amonka, in tuna maka Richards, kwamandan sojan Birtaniya, da Sankoh, madugun 'yan tawayen RUF.

Baba na durƙusa na gaishe ka,
Ban raina jinin da ke rigarka,
Amma bari in tuna maka
Watan Mayu, ya fi ƙarfin mantawa.

Sojan Majalisa ɗari biyar,
Sankoh ya kama ya ƙi mayar,
Gari na rawa, wa ya tsayar?
Richards ne, ba a musantawa.

Bakwai ga wata suka sauka,
A Lungi Lol suka yi wa 'yan tawaye duka,
Ran nan Sankoh ya shiga sarƙa,
RUF ta fara durƙushewa.

Gwaggo Ta-Fagge:
Ji mini yaro! Sankoh 'yan ƙasar ne suka cafke shi a Freetown, Turawa jirgi suka kawo aka ɗauke shi.

Yaro ka sha ruwan Landan,
Saninka na yaƙi kaɗan-kaɗan,
Tambaye su me ya kai su can?
Nasu suka je kwashewa.

Malam Mai Aruli:
A gafarce ni, ni ba ruwana da wa ya ceci wa. Saje, ranka ya daɗe, Lungi da lungu ba amsa-amo ɗaya ba ne, wannan da "gi" ya ƙare, wancan da "gu". Kai kuma Bazamfare, ɗangonka na Lungi Lol ya yi tsawon igiyar rijiya, babu karin da zai ɗauke shi. Sannan "sarƙa" ba ta zama da "sauka", ƙa daban, ka daban.

Ɗan Yamai:
Malam, Lungi sunan filin jirgin mutane ne. So kake Saje ya sake masa suna don kunnenka ya ji daɗi? Ai a nan gwanintar take.

Malam Mai Aruli:
Sai ya tura shi tsakiyar ɗango. Ƙa'ida ba ta san filin jirgi ba.

Ɗan Yamai:
In ya tura shi tsakiya wasan ya mutu.

Malam Mai Aruli:
Gara wasa ya mutu da baiti ya karye.

Bazamfare a Landan:
Gwaggo, gaskiyarki, kwashe baƙi ne ya fara kai su. Amma da suka gama ba su tafi ba. Sun zauna suna horar da sojan ƙasar har Kabbah ya shelanta ƙarshen yaƙi a Janairun 2002. Tunda kin taɓo ni, ga ƙari kan farmakin da suka kai wa 'yan bindigar West Side da shugabansu Kallay.

Goma ga Satumba da asuba,
A Gberi Bana jirage suka zuba,
Kallay bai sami hanyar gudu ba,
West Side ta kama watsewa.

Ku ma rigarku ba fara ba ce,
An rubuta, duniya ta ce,
Wanda aka zarga sai ya mace,
Ba alƙali, ba tantancewa.

Baiti na biyun, kan ECOMOG, ba ƙage ba ne. Ƙungiyar Human Rights Watch ta kawo shi a rahotonta na 1999.

Ɗan Yamai:
Ka faɗi ƙarshen labari ka ɓoye farkonsa. Sojansu 11 'yan West Side suka kama ranar 25 ga Agusta, shi ya kai su Gberi Bana. Nasu suka je ceto, kamar yadda Gwaggo ta ce. Kuma tunda ka ce su ne gwanaye, duba Helmand ta Afganistan da Gao ta Mali:

In dai Bature ne mai magani,
Helmand ma ai mun gani,
Gao ga ta nan kusa da ni,
Sun naɗe kaya sai ficewa.

Soja wajen 300 suka kai Gao a ƙarshen 2020, a Nuwamban 2022 suka ce za su janye. Ka tambayi masu motar Ayorou zuwa Ansongo ko hanya ta gyaru.

Malam Mai Aruli:
"Ba ce" da "ta ce", kalma ɗaya sau biyu a amsa-amo. Aibi ne, Bazamfare.

Gwaggo Ta-Fagge:
Malam mai awon gaɓoɓi,
Kullum kai dai neman aibi,
Kawo naka mu gani mu bi,
Ko baiti ɗai ba ka iyawa.

Malam Mai Aruli:
Hajiya ki riƙe harshenki,
Waƙa ta fi ƙarfin ludayinki,
Awo shi ne gishirin miyarki,
In babu shi sai zubarwa.

Ɗan Yamai:
Gwaggo ce ta ci wannan, ko Malam ya kai ƙara.

Bazamfare a Landan:
Malam ne ya ci. Ina Baba Saje ya shiga? Kwana uku shiru.

Tsohon Saje:
Ƙafa ce ta tashi mini, yau na samu sauƙi. Ɗana Bazamfare, ban ce mu mala'iku ba ne, ban kuma ce Turawa ba su yi aiki ba. Sojansu guda ya mutu a ceton nan na Satumba, shi ma ɗan wata ne. Abin da ke cin raina daban ne. Janar Khobe, ɗan Najeriya da ya jagorance mu, ya rasu a Afrilun 2000, kafin su sauka. Tony Blair kuwa, Firaministan Birtaniya na lokacin, a 2007 aka naɗa masa sarauta a Saliyo. Ga abin da na gani a Janairun 1999, lokacin da 'yan tawaye ke janyewa. Malam, ka auna wannan yadda ka ga dama.

Suna janyewa ta unguwar Kissy,
Na ji kuka a bayan wani kiyos,
Yarinya ce, hannun dama babu shi,
Jini na bin ƙasa yana daskarewa.

Igiyar takalmina na kwance,
Na ɗaure dungun, ta yi kwance,
Kofur ɗan Katsina ya ce da ni ce,
Goya ta, ni ne mai karewa.

Na kai ta asibitin Connaught a bayana,
Na dawo neman abokina,
Na tarar an rufe shi da zane na
Wata tsohuwa mai wucewa.

Gwaggo Ta-Fagge:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Kofur, ya sa ya huta.

Bazamfare a Landan:
Amin. Baba, yarinyar ta rayu?

Tsohon Saje:
Ta rayu. Bayan wasu watanni na gan ta a sansanin waɗanda aka yanke wa gaɓɓai a Murray Town, tana zaune kan benci da kwanon shinkafa a cinya, tana koyon ci da hagu.